Allo Tara na Gwadabe Mai Fenti

Har yau in na bi ta gaban gidan baje kolin zane-zanen nan sai raina ya ɓaci, kuma da za ka tsare ni ka ce in nuna wanda nake fushi da shi, ba zan iya ware mutum ɗaya ba. Wata rana Klaudiya ce, wata rana Gwadabe. Mafi yawan ranaku kuwa ni ne da kaina, tunda makullin a aljihuna yake.

Sunana Natana'el, kafinta ne ni a Kabong. Shekara talatin da bakwai ina haɗa wa Gwadabe allo yana zane a kai. Ni in yanka katako in buga kwano, shi ya zo da gwangwanayen fentinsa a bayan keke ya mai da shi abin kallo. Aikin kuza ne ya kawo kakansa Jos. Ubansa tela ne, shi kuma ya ƙi keken ɗinki ƙememe, ya bi wani mai zanen manyan motoci tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Duk wanda ya girma a garin nan kafin zuwan wayar hannu ya ga aikinsa, ko bai san nasa ba ne. Kawunan nan da ake jerawa a ƙofar shagon aski, kowane da irin askinsa, shi ne. Kifi mai murmushi a rumfar mai abinci, shi ne. Zaki da maharbi a bayan motar katako mai kai dankali kudu, shi ne. Mahautan Abatuwa kuwa nasa ne kaf, a da babu rumfar da ba a kafa hoton sa ko rago na Gwadabe a samanta ba.

Mutum ne mai wuyar sha'ani, wannan ba zan ɓoye ba. Yana da wata ɗabi'a da ya gada daga maigidansa: allonsa ba ya koɗewa a bainar jama'a matuƙar shi yana numfashi. Sau biyu a shekara, gab da Babbar Sallah da gab da Kirsimeti, zai ɗaura ƙananan gwangwanaye a keke ya zaga gari yana bin allunansa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kira shi, ba kuma ya neman izinin kowa. Sai mai shago ya zo buɗewa da safe ya tarar da mutum tsaye a kan benci yana sabunta masa idon kifi. Akwai wani mai aski a Farin Gada da ya taɓa fitowa da gora zai kwaɗe shi, ya zaci ɓarawon allo ne. Na sha yi masa tsiya, ina ce masa aikin da aka sallame ka ai ya bar hannunka.

"Aikin hannu ɗa ne, Nata," in ji shi. "Ka taɓa ganin mai hankali ya tura ɗansa taro da tsumma?"

Sannu a hankali kasuwar ta mutu a idonmu. Gobarar kasuwar Taminus ta cinye masa alluna da shi kansa bai san adadinsu ba. Rikici ya zo ya raba unguwanni, keken ya daina shiga wasu lunguna, ko da yake bai taɓa daina zuwa Kabong ba. Sai kuma injin buga talla a kan leda ya iso. Ka kai da safe ka karɓa da yamma, ga hoton saniyar Turai mai sheƙi wadda ba ta taɓa taka ƙasar Filato ba. Mahauta suka riƙa sauke allunan Gwadabe a asirce, don ba mai iya kallon idonsa ya faɗa masa. Ya koma rubuta lambar gida da "Ba a fitsari a nan" a katangun mutane. Abin da ya fi ci masa rai, ɗansa na fari a irin shagon buga ledar nan ya sami aiki.

A nan Klaudiya ta shigo. 'Yar ƙasar nan ce, ta yi karatun zane a Zariya ta ƙara a waje, ta dawo ta buɗe gidan baje koli a wani tsohon gidan Turawan kuza. Bayan wata biyu ko uku sai a sauya abin da ke bango, a gayyaci jama'a. Ranar Asabar kuma ana koya wa matasa sana'a a tsakar gidan, yau ginin tukunya, wani makon rini ko ɗaukar hoto. Ni ta ɗauka in riƙa rataya mata kaya da haɗa teburan ɗorawa. Na ga abubuwa a gidan nan. Na taɓa yini ina rataya fasassun tukwane da igiya daga silin, da na gama na tambaye ta yaushe za a kawo aikin da za a nuna, ta ce ai shi na gama ratayawa. Amma yarinyar ba ta da ƙiwa, kuma tana ganin girman mutane, wannan zan shaide ta ko a ina.

Wata rana ta zo shagona ta ga wani tsohon allon aski da na tare taga da shi. Ta tsaya ta ƙura masa ido har na tsargu. Ta tambayi wanda ya zana, na faɗa mata. Daga nan ta shiga farauta, wata uku cur tana bin lunguna. Ta samo ɗaya a Vom an rufe akurkin kaji da shi. Wani ƙofar garken awaki ya zama. Wani kuma a ƙarƙashin teburin Uzairu mahauci ta zaro shi, an shimfiɗa ana ɗora ƙashi. Da nawa na taga, tara ta haɗa.

Ni na raka ta gidan Gwadabe. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, za mu yi baje koli, mu rataya aikinka a bango tare da na wasu. Za mu sa sunanka a ƙasa, kowa ya zo ya karanta."

Sai wanda ya san sana'ar zai gane nauyin maganar nan. Allo sunan mai shago yake ɗauka, ba na mai zane ba. Maigidan Gwadabe ya hana yaransa sa sunansu a jikin aiki, ya ce girman kai ne. Saboda haka mutumin nan ya yi shekara hamsin yana rubuta sunayen mutane da manyan baƙaƙe, nasa bai taɓa hawa bango ba. A gabanta ya yi kamar abin bai dame shi ba, ya ce Allah ya kai mu. Da ya rako ni bakin titi kuwa sai ya riƙe mini hannun riga.

"Nata, yaya za su rubuta? Gwadabe Mai Fenti, ko Gwadabe Ishaƙu?"

"Wanne kake so?"

"A sa na mahaifina. Ya rasu yana ganin na lalace."

Kafin mako ya zagayo ya kai yadi wajen tela, kuma babu wanda bai ji labari ba a masallacin unguwarsu.

Ranar da aka kai shi ɗakin ajiya ya ga allunan, ina tsaye a bayansa. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Fentin ya ɓare, tsatsa ta ci gefen kwanon, kashin kaji ya bar tabo a fuskar wani mai kyakkyawan aski. Zakinsa ya koɗe har sai an faɗa maka zaki ne.

"Haka za a nuna su?"

"Haka, Baba," in ji Klaudiya, fuskarta cike da murna. "Ai shi ne kyaunsa. Ka ga tarihi a jikinsu."

"To," in ji Gwadabe.

Ni na san wannan "to" ɗin, ita ba ta sani ba. Da na buɗe baki a lokacin, da an huta. Na yi shiru, ina ganin ba huruminmu ba ne mu masu guduma.

Da ya kai kan allo na tara, wanda aka zaro daga ƙarƙashin teburin Uzairu, sai ya ja da baya. Sa ne ja, aikinsa na farko da ya yi shi kaɗai, a shekarar 1978, ya yi wa mahaifin Uzairu. Ƙafar baya ta lanƙwashe ta inda ƙafar sa ba ta lanƙwasawa, idon kuma na mutum ne. Ya ce maigidansa ya mare shi a kan san nan a gaban mahauta. Ya roƙi Klaudiya ta mayar da shi inda ta ɗauko, ko ta ba ni in yi makamashi da katakon. Ta yi dariya, ta ɗauka kawaici ne irin na dattawa.

Asabar ɗin da ta rage mako ɗaya a buɗe, aka ce ya koya wa matasa rubutun allo. Su goma sha biyu suka zo, kowa da zumuɗinsa, an tanadar musu fenti mai kyau da sababbin buroshi. Gwadabe ya hana kowa taɓa gwangwani. Ya raba musu alli da zare, ya ce a ja layi miƙaƙƙe. Aka ja, ya goge, aka sake. Awa biyu ana abu ɗaya. Wata budurwa ta ce ita fa zane ta zo yi, ya ce shi wata shida ya yi yana jan layi kafin a ba shi buroshi.

Klaudiya ta matso ta ce a hankali, "Baba, abeg, bar su su yi abin da ke ransu."

"Abin da ke ransu a karkace yake, 'yata. Dubi hannun wancan."

Kafin azahar rabinsu sun sulale. Fentin ya rage kusan yadda aka kawo shi, aka tura shi ɗakin ajiya kusa da allunan. Na ga Gwadabe ya buɗe gwangwani ɗaya ya shinshina, ya ce rabonsa da irin wannan fenti tun kafin gobara.

Litinin da sassafe Klaudiya ta tafi Abuja ɗauko ayyukan sauran masu zanen, sai Alhamis za ta dawo. Ta ba ni makulli don in gama gyaran bango. Tana shiga mota ta ce, "Oga Nata, allunan nan yadda suke haka nake so, ka ji?" Na ce na ji. Ƙurar motarta ba ta kwanta ba sai ga keken Gwadabe a bakin ƙofa, da jakar buroshinsa da kwalbar kananzir.

"Buɗe mini, Nata."

"Ta ce yadda suke haka take so."

"Ita ta zana su?"

"Gwadabe, ka rufa mini asiri."

"Ƙura kawai zan share. Ko ita ma ƙurar tarihi ce?"

Na buɗe. Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce ya yaudare ni ba, don ba a share ƙura da kananzir. Gaskiyar magana ni ma kunyar allunan nake ji. Katakon nawa ne, ƙusoshin nawa ne, kuma ban ga dalilin da za a tara manyan mutane a nuna musu abin da kaji suka yi wa kashi ba. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Kafin hantsi ni ne ke miƙa masa samfefar goge tsatsa, ni ne ke riƙe masa allo.

Kwana uku muka yi, daga safe zuwa la'asar. Ban taɓa ganin Gwadabe ya yi aiki irin na kwanakin nan ba, ko a ƙuruciyarsa. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, da ya kama buroshi sai ya tsaya cak. Bai duba hoto ba, bai tambayi kowa ba, duk launin da ya sa shekara talatin da suka wuce yana kansa. Zakin ya dawo da gashinsa, kifin ya dawo da murmushinsa. Masu askin nan suka fito fes, har kana ganin sheƙin man da ke kansu. Yana aiki yana waƙa ƙasa-ƙasa, abin da rabona da ji tun 'ya'yanmu na ƙanana. Raina ya yi fari ƙwarai, kuma shi ya sa abin yake ƙara ƙona ni yanzu.

Takwas ya yi. Na taran ya ɗaga shi ya juya fuskarsa bango.

"Wannan ba fenti yake nema ba," in ji shi. "Kuskurensa a ƙashi yake."

Alhamis da rana Klaudiya ta dawo. Warin fenti ne ya tare ta tun daga bakin ƙofa. Na ji takunta ya sauya, ta shigo ɗakin da gudu, jakarta ta faɗi ƙasa. Ga alluna takwas a jingine suna ƙyalli, ga Gwadabe a gefe yana goge hannu da tsumma, yana jiran a yaba.

"Wayyo Allah. Baba, me ka yi?"

"Wanka na yi musu, 'yata. Ba taro za su ba?"

Ta dafe kai da hannu biyu ta zauna a kan gwangwanin fenti. Ta juyo ta kalle ni, ni kuwa na sami abin kallo a ƙasa. Sannan ta yi mana bayanin da ya kamata ta yi tun wata uku da suka wuce. Baje kolin gaba ɗaya a kan abin da ruwa da rana da shekaru suka yi wa garin nan ne. Sauran masu zanen ma tsofaffin ƙofofi da ƙonannun kwanoni suka kawo. An riga an buga katin gayyata da ɗan littafi ɗauke da hotunan allunan da tsatsarsu.

"Wata uku ina nemansu, Baba. Yanzu kowa ya gani zai ce jiya aka yi shi."

"Ai jiya aka yi su. Da hannun nan. Laifi ne don har yanzu ya iya?"

"Ba haka ba ne, Baba, ba ka gane ba."

"To ganar da ni. Tsatsa kika gayyata, ko ni?"

Sai hawaye suka zubo mata. Ni kuwa a tsakiya kamar an dasa ni, ina ganin kowannensu da gaskiyarsa, kuma ba mai jin yaren ɗan'uwansa alhali duk Hausa suke yi. Can ta share ido ta ƙirga allunan, ta ga takwas. Ta miƙe ta je ta juyo wanda ke kallon bango. Ga jan sa nan da karkatacciyar ƙafarsa, da maiƙon nama na shekaru a jikinsa, ba abin da ya taɓa shi. Ta sauke ajiyar zuciya har muna ji.

Bayan Gwadabe ya tafi na roƙe ta. Na ce ko biyu ta rataya cikin sababbin, ko a lungu ne, don mutumin nan ya gayyato rabin unguwarsu. Ta ce ba za su zauna da sauran kayan ba, za su ɓata tsarin ɗakin, kuma ba ita kaɗai ke da ta cewa ba. Ta yi alkawarin wata rana za a yi masa nasa shi kaɗai. Na san irin wata ranar nan. Garin neman gira mun rasa ido, ni ne kuma na rataya jan san nan shi kaɗai a bango mafi kyau, na saita masa fitila.

Na ɗauka ba zai zo ba ranar Asabar. Ya zo, cikin sabon kaftani ruwan toka, da dattawa biyar na masallacinsu, da ɗansa, da Uzairu mahauci wanda ya rufe rumfa musamman. Gida ya cika da mutane, ana yawo da zoɓo a kofunan gilashi. Jama'a sun fi taruwa a gaban san. Wani mai tabarau yana yi wa na kusa da shi bayani, rabi Turanci rabi Hausa, wai mai zanen da gangan ya karya ƙafar don ya nuna wahalar da garin ya sha, idon mutum ɗin kuma mu ne ke kallon kanmu. Suna ta gyaɗa kai.

Uzairu bai iya magana a hankali ba, a Abatuwa ya girma. Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kai, san Baba! Wallahi tun muna yara muke masa dariya. Ƙafar nan ko a kan tebur ka sa mata gatari ba ta lanƙwasa haka."

Wasu suka yi dariya, wasu suka harare shi. Ɗaya daga cikin dattawan ya waiga hagu da dama ya ce, "Malam Gwadabe, ina sauran? Ba ka ce tara ba ne?" Ɗan Gwadabe kuma ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, ban san ko na alfahari ba ne ko na me.

Gwadabe bai kula kowa ba. Ya matsa gaban allon, ya sunkuya kan 'yar farar takardar da aka manna a ƙasansa. An rubuta Gwadabe Ishaƙu, 1978. Na ga leɓensa na motsi, ya karanta ya sake karantawa. Ya ɗaga kai ya dubi ƙafar san, ya sake duban takardar. Sai ya sa farcen babban yatsansa a gefenta ya shiga ɓamɓarowa a hankali, yana lallaɓawa don kada ya ɓare fentin bangon mutane. Ya ninke ta biyu ya sa a aljihun gaba.

Klaudiya ta ratso mutane ta iso. "Baba, don Allah."

"Riƙe san, 'yata, ke kika ga abin da kika gani a jikinsa. Sunan kuwa na mahaifina ne, ba zan bar shi a ƙarƙashin wannan ƙafar ba."

Ya yi mata sallama yadda ya kamata, ya yi wa mai tabarau ma, ya fita. Dattawan suka bi bayansa.

Mako shida baje kolin ya yi. Sau biyu Klaudiya tana zuwa gidansa, sau ɗaya da ni, ya karɓe mu da shayi da fara'a, amma maganar suna ya ce a bar ta. Alluna takwas ɗin suna shagona na lulluɓe su da buhu, bai taɓa tambayarsu ba, kuma Kirsimetin da ta wuce ban ga kekensa ya fita zagaye ba. Dokar gidan kuwa ba a barin aiki a bango babu takarda, don baƙi suna tambaya. Da ta ga ba zai sauko ba, sai ta sa aka buga wata, aka rubuta: Ba a san mai zanen ba. Ni aka ba na manna.